Neman Kalma: Me Za Mu Kira Aikin "Rut Kanal" da Hausa?

1/ Assalamu alaikum. Ina neman likitocin haƙori da malaman harshe su sa baki. Akwai aikin da ake yi wa haƙori wanda a asibiti ake ce masa rut kanal, kuma har yau ba mu tsayar masa da suna ba. Wanda ya fi yawo a bakin mutane shi ne "kashe jijiyar haƙori". Ni a ganina sunan nan yana jawo mana asarar haƙora, domin da zarar mutum ya ji za a kashe masa jijiya sai ya ce, "A'a likita, a cire kawai a huta."

2/ Haƙori ba dunƙulallen ƙashi ba ne. Farin da muke gani ɓawo ne mai tsananin tauri, ƙarƙashinsa akwai wani da bai kai shi tauri ba, can tsakiya kuma akwai ɗan kogo mai ɗauke da tsoka mai taushi, da jijiyoyin jini, da jijiyar da ke jin zafi. Wannan tsokar zan kira ta ɓargon haƙori. Daga kogon akwai siraran hanyoyi da suka bi ta cikin saiwa har ƙarshenta a ƙashin muƙamuƙi. Haƙoran gaba galibi hanya ɗaya gare su, turame kuwa uku ko huɗu.

3/ Idan ruɓa ta ci haƙori har ta kai ɓargo, ƙwayoyin cuta sun samu ƙofa ke nan. Shi ne ciwon nan mai zogi da ke hana barci, a yi ta danna kanumfari a ramin. Bayan wani lokaci sai ya lafa, mai shi ya ɗauka ya warke, alhali ɓargon ne ya mutu. Ƙwayoyin suna nan ciki, mugunya ta taru a gindin saiwa, kunci ya kumbura. Idan turmin ƙasa ne, kumburin na iya gangarawa ƙarƙashin harshe da wuya har ya toshe numfashi. Ana mutuwa da wannan.

Ku lura, mutane da yawa sai jijiyar ta riga ta mutu suke isa asibiti. To me ya rage da likita zai kashe?

4/ Ga abin da yake yi. Ya ɗauki hoton haƙorin, ya yi allurar kashe zafi, ya huda ta sama. Sai ya shiga hanyoyin da wasu siraran ƙarafa masu kama da allura, jikinsu a murɗe, kowane da launin mariƙinsa gwargwadon kaurinsa. Yana kankarewa yana ɗaurayewa da ruwan sodiyam haifokulorait, sinadarin nan da ke cikin bilic na wanki amma a gwargwadon da aka auna don aikin. Idan hanyoyin suka tsarkaka suka bushe, sai ya cike su da gata-faca, wani ƙaro mai kama da roba da ake samu daga itatuwan yankin Malesiya, ya toshe bakin da ciko. Turmi kuma yawanci sai an sa masa hula don kada ya tsage.

5/ A 1965 Kakehashi da Stanley da Fitzgerald sun yi wani gwaji a Amurka wanda har yau ake karantar da shi. Sun huda haƙoran ɓeraye kashi biyu har zuwa ɓargo, suka bar su a buɗe. Ɓerayen da aka raina a wurin da babu ƙwayar cuta ko ɗaya, ɓargonsu bai mutu ba, ramin ma ya kama rufe kansa. Ɓeraye na yau da kullum kuwa nasu ya ruɓe, mugunya ta taru. Wato jijiyar ba ta yi laifin komai ba, ƙwayoyin cuta ne masu ɓarnar, kuma fitar da su shi ne gundarin aikin. Sunan da za mu zaɓa ya kamata ya faɗi haka.

6/ Ba mu kaɗai muka maƙale wa jijiya ba. 'Yan uwanmu na Nijar suna jin likitoci na amfani da kalmar Faransanci da ke nufin cire wa haƙori rai. Waɗanda suka yi karatu a Masar kuma sun san "hashwul asab", cikon jijiya. Ina jin ta nan ma sunan ya ƙara samun gindin zama a wurinmu.

7/ Sauran da na ji. "Wankin haƙori" ya riga ya zama sunan kankare dattin da ya daskare a gefen dasashi. "Ciko" shi ma yana da mai shi, kuma idan muka haɗa su majinyaci zai yi tsammanin zama ɗaya ne na ɗan lokaci da kuɗi kaɗan. "Maganin tushen haƙori" da ake gani a wasu rubuce-rubucen intanet kuwa, Bahaushe ya ji shi zai tambaya sha ake yi ko shafawa.

8/ Shawarata ita ce yasar saiwar haƙori, a taƙaice yasar saiwa.

Duk wanda ya tashi a gida mai rijiya ya san yasa. Ruwa ya fara wari ko ya ja baya, ba a binne rijiyar. Mai yasa ake kira, ya ɗaura igiya ya sauka har ƙasa, a yi ta fito da laka da tsummokara da tsoffin guga, sai an ga ƙasa mai tsabta. Kalmar tana ɗauke da abu uku da nake so: rami ne mai zurfi, ƙazanta ake fitarwa, kuma don a ci gaba da amfani da abin ake yi. Ga ta da sauƙin sarrafawa: an yashe min haƙori, gobe za a ƙarasa yasar, wannan na yasa ne ba na cirewa ba.

9/ Masu karatu sun fara maido da amsa. Malam, na ga gyaranka, cewa wani zai ji "yasar haƙori" ya ɗauka "yasar da haƙori" ake nufi, wato jefar da shi. Gaskiya ne, Allah Ya ƙara basira, shi ya sa ba na son a raba ta da "saiwa". Wata Hajiya kuma ta ce ai rijiya ba a cike ta bayan yasa. Haka ne ranki ya daɗe, a nan misalin ya tsaya. A takardar asibiti sai a rubuta shi cikakke: yasar saiwa da ciko. Cikon ba ado ba ne, idan bakin bai toshu da kyau ba yawu zai mayar da ƙwayoyin ciki.

10/ Akwai dalili na biyu da ya sa nake gudun kalmar "kashe". Saƙonni na yawo a WhatsApp cewa wanda aka yi wa aikin yana ɗauke da mataccen abu a baki, wai yana jawo kansa da ciwon zuciya. Maganar tsohuwa ce. A 1910 wani likitan Ingila, William Hunter, ya yi lacca a Montreal yana ɗora wa ruɓar baki alhakin cututtukan jiki iri-iri. Weston Price a Amurka ya bi sahu, yana cusa cirarrun haƙoran mutane a ƙarƙashin fatar zomaye, ya wallafa sakamakonsa a 1923. Aka yi ta cire wa mutane haƙora, har da masu lafiya. Da wasu suka maimaita gwajin cikin tsabta da tsari sai ba su samu abin da ya samu ba, kuma a 1951 mujallar Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Amurka ta ware fitowa guda ta bi hujjojin ta nuna rauninsu.

Haƙorin da aka yashe yana nan riƙe da rayayyar tsokar da ta ɗaure saiwarsa da ƙashi, shi ya sa mai shi ke jin tauna. A 2004 Salehrabi da Rotstein sun bi bayanan haƙora sama da miliyan 1.4 da aka yi wa aikin a Amurka, suka tarar kashi 97 cikin ɗari suna baki bayan shekara 8.

11/ Inda tsoro yake da hujja shi ne tsabtar kayan aiki. Ƙarafan nan jini suke shiga, kuma ciwon hanta nau'in B yana da yawa a cikinmu. Tsoma su a ruwan zafi ko goge su da sifirit bai isa ba. Tukunyar turara kayan aiki ake so, wadda tururinta ke kai zafin digiri 121 zuwa 134 a matse. Kayan suna fitowa ne a cikin 'yar leda rufaffiya mai alamar da ke sauya launi idan ta sha tururi, kuma haƙƙinka ne ka ce a yage ta a gabanka. A Ingila, a 2007 an umarci likitoci su yi amfani da ƙarafan yasa sau ɗaya su jefar.

12/ Saura guda da ban samu sunan da ya kwanta min ba: ƙyallen robar da ake hudawa a zura haƙorin shi kaɗai ya leƙo, wanda Sanford Barnum ya ƙirƙiro a New York a 1864. Shi ke hana yawu shiga ramin, ya hana ruwan magani ƙona baki, ya hana ƙarfe suɓucewa cikin maƙogwaro. Ina tsakanin "shingen roba" da "mayafin haƙori". Likitocinmu, ku gwada "yasar saiwa" a kan majinyatanku ku faɗa mana yadda suka fahimce ta, sannan ku zaɓa mana ɗaya cikin waɗannan biyun.