Neman kalmar Hausa: furotin ɗin da tsiro ke gano cuta da shi

Mai Fassara:
Assalamu alaikum. An ba ni fassarar darasi kan garkuwar tsirrai wanda za a karanta a rediyo ranar Alhamis, kuma kalmar "receptor" ta tsayar da ni. Tsiro ba shi da fararen ƙwayoyin jini kamar mutum, don haka kowace ƙwayar halittarsa ita ke tsare kanta, ta hanyar wasu furotin iri biyu. Na farko suna jikin tantanin waje, irin su FLS2 da aka gano a 2000, wanda ke gane wani guntu mai amino asid 22 daga bulalar da bakteriya ke iyo da ita. Na biyu, da ake kira NLR, suna can ciki, suna gane furotin ɗin da ƙwayar cuta ke cusawa domin ta karya kariyar farko. Kalma ɗaya nake nema da za ta ɗauke su duka.

Malamin Kimiyya:
Wa alaikumus salam. Ki sa "makarɓi", jam'i "makarɓa". Ginin daidai yake da na "marubuci".

Malama Mai Nazarin Tsirrai:
Malam, ginin ba shi da aibu, amma mai sauraro zai ɗauka tsiron maraba yake yi da cutar. Aikin ganewa ne, sai dai idan aka ɗora "ma" a kan "gane" za a faɗa kan "magani", a rikita kowa. Ni "mai gadi" nake ba da shawara, domin wasu NLR ɗin ba sa ma taɓa furotin ɗin cutar. RPS2, alal misali, wani furotin na tsiron mai suna RIN4 yake sa wa ido, kuma da zarar bakteriya ta yanke RIN4 sai RPS2 ya tayar da ƙararrawa, ƙwayoyin halittar wurin su mutu, cutar ta rasa inda za ta ci gaba. Shi ya sa ake ganin ɗan ɗigo busasshe a ganye, sauran ganyen kuma lafiya ƙalau.

Dattijon Harshe:
Malama, "gadi" ai Turanci ne aka sa masa hula. Ga "sunsuna" a harshenmu, wadda ke nufin gane abu tun kafin a gan shi. Na daɗe ina amfani da "masunsuni" a rubuce-rubucena, kuma ita ce ta dace.

Malamin Kimiyya:
Allah ya gafarta Malam, tsiro ba shi da hanci. Idan kuwa aro laifi ne, to "furotin" da "bakteriya" ma su fita. A gaskiya ni ko "risefta" aka rubuta ba zan ƙi ba, tunda da ita ɗalibi zai gamu a jarrabawa.

Dattijon Harshe:
Wannan ita ce cutar da ke damun 'yan boko, suna ganin magana ba ta cika ilimi ba sai ta yi ƙamshin Turanci. Harshen da ke da "garkuwa" da "tsaro" bai kamata ya riƙa bara ba.

Malamin Kimiyya:
"Ilimi" da "darasi" da "halitta" duk daga Larabci suka zo, ban kuwa taɓa jin Malam ya kira su bara ba.

Dattijon Harshe:
Waɗannan sun shekara ɗaruruwa a bakinmu, taku kuwa jiya ta sauka.

Malama Mai Nazarin Tsirrai:
Don Allah mu koma kan buƙatar baiwar Allah. Dole kalmar ta iya nuna abin da ake ganowa, domin kowane NLR da abin da ya sani. Tun a shekarun 1940 masanin cututtukan tsirrai Harold Flor ya nuna a Amurka cewa ga kowace ƙwayar gadon juriya a tsiro akwai takwararta a jikin cutar tsatsa, kuma idan cutar ta sauya tata, tsiron ba ya ƙara gane ta. Haka tsatsar Ug99, da ta ɓulla a Yuganda, ta karya juriyar da ƙwayar gado Sr31 ke bai wa alkama. Aikin ma bai tsaya ga sunsuna ba: a 2019 masu bincike a Sin suka nuna cewa ZAR1, wani nau'in NLR, guda 5 ne ke haɗuwa su zama zobe, daga baya aka tabbatar zoben yana buɗe kafa a tantani sinadarin kalsiyam ya kwararo ciki.

Mai Fassara:
Na gode muku duka. Zan rubuta "furotin mai gano cuta", na waje da na ciki, domin zan iya cewa "mai gano tsatsa" a inda ya kama. "Mai gadi" zan bar wa irin RPS2 kaɗai, "risefta" kuma zan ambace ta sau ɗaya saboda ɗalibai.

Dattijon Harshe:
Kalmomi huɗu a gurbin ɗaya bayani ne, ba suna ba. Ki yi amfani da shi tunda Alhamis ta matso, amma ni a rubutuna "masunsuni" zan ci gaba da sawa.