Taga mai gilashi biyu a gidajen Kaduna: waɗanda suka saka, me kuka gani?

Mai gini a Unguwar Dosa:
Assalamu alaikum. An kammala rufin gidana, saura tagogi, kuma mai aikin alminiyam ya ba ni shawarar in saka taga mai gilashi biyu, wato wadda ake haɗa gilashi biyu a bar tazara a tsakaninsu a liƙe gefunan. Kuɗinta ya fi na mai gilashi ɗaya nesa ba kusa ba, ga shi kuma ana cewa don ƙasashen sanyi irin su Ingila aka yi ta. Ina roƙon waɗanda suka zauna da ita su faɗa mini abin da suka gani.

Mazaunin bakin titin Nnamdi Azikiwe:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni ƙarar tireloli da tankoki ce ta sa na saka, domin a da ba ma samun barci sai dare ya raba. Ƙarar ba ta ɗauke baki ɗaya ba, amma ta koma kamar daga nesa take zuwa. An yi mini gilashin waje mai kaurin milimita 6, na ciki kuma milimita 4, saboda bambancin kaurin ya fi tare ƙara a kan a yi su iri ɗaya.

Wata uwa daga Malali:
Mu da luba muke amfani a da, kuma duk lokacin hunturu sai na share ƙura sau biyu a rana. Tun da muka canja ƙurar ta ragu ƙwarai, ɗakin yara kuma ba ya yin sanyin asuba irin na da a watan Disamba da Janairu. Sai dai a ganina robar da ke gefen tagar ce ta tare ƙurar, domin ƙanwata a Barnawa ta saka gilashi biyu a taga mai zamewa gefe, kuma har yanzu ƙura tana shiga ta kan layin da tagar ke bi. Tawa irin wadda ake turawa waje kamar ƙofa ce, tana matse robar idan an rufe.

Injiniyan gini daga Kawo:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Iskar da aka kulle a tsakanin gilasan, ko iskar argon da wasu ke cikawa, ita ce ke rage wucewar zafi, kuma tazarar milimita 12 zuwa 16 ta fi dacewa. Wannan yana rage zafin da ke ratsa gilashin zuwa kusan rabi, shi ya sa ɗaki mai na'urar sanyaya ɗaki yake riƙe sanyinsa bayan an ɗauke wuta. Amma hasken rana yana ratsa gilasan biyu ya dumama ɗaki, kuma a gidana na gane haka a watan Maris, lokacin da falon da ke kallon yamma ya zama ba ya zaunuwa bayan la'asar. Sai da na yi wa tagar rumfa daga waje aka samu sauƙi. Da na sani tun farko, da na nemi gilashin da aka yi wa shafi mai mayar da zafin rana. A duba firam ɗin ma, domin alminiyam yana ɗaukar zafi ya shigar da shi ɗaki, sai dai idan an raba cikinsa da wajensa da roba. Ɗakin da ba shi da na'urar sanyaya ɗaki kuwa, wanda za a bar tagarsa a buɗe da bazara, ban ga dalilin kashe masa wannan kuɗi ba.

Magidanci daga Rigasa:
Ni nawa ƙorafi ne. Bayan damina biyu sai raɓa ta fara taruwa a tsakanin gilasan, inda hannu ba ya kaiwa, ashe wanda ya haɗa mini bai sa ƙwayoyin da ke shanye laima a cikin sandar da ke raba gilasan ba, liƙin ma bai yi kyau ba. Dole na sake gilasan tagogi uku. Malam, ka nemi ganin aikin da mutum ya yi shekaru uku da suka wuce, kuma ya rubuta maka garanti a kan raɓa.

Mai gini a Unguwar Dosa:
Allah Ya saka muku da alheri. Zan saka a ɗakunan kwana biyu da ke kallon titi, falon kuma in yi masa rumfa. Injiniya, ragar sauro da ƙarfen kariya fa, daga ciki ake sa su idan tagar waje take buɗewa?