Ta yaya suke gane kaurin bim ɗin LHC?

Dalibin_Fiziks: Slm 'yan uwa, dan Allah ina da tambaya. Na karanta cewa a injin LHC, mai gudu da ƙananan ƙwayoyi yana haɗa su karo, na cibiyar bincike ta CERN, wanda zagayensa kilomita 27 ne a iyakar Faransa da Suwizalan, bim ɗin furoton (siririn jerin ƙwayoyin furoton da ke zagaya injin, guda biyu ne masu fuskantar juna) a wajen karo bai kai maikiron 20 ba (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), wato silin gashi ma ya fi shi kauri. To abin da ke gudu kusan gudun haske a cikin bututu a rufe, da me ake auna shi?

Injiniya_Mai_Waya: Wslm. Tsohuwar dabarar dai waya ce. Suna da siririyar wayar kabon mai kaurin maikiron 30, sai na'ura ta gitta da ita ta tsakiyar bim ɗin, mita 1 a daƙiƙa, shi kuma bim yana zagayowa sau 11,245 a daƙiƙa, to duk zagaye wasu furoton sun bugi wayar sun fantsamar da ƙananan ƙwayoyi, wata na'ura a gaba tana ƙirgawa. A gefe kaɗan za a gani, a tsakiya da yawa, daga nan siffar ta fito. Matsalar ita ce ba a yin haka idan injin ya cika, wayar ƙonewa za ta yi, kuma ƙwayoyin da suka fantsama za su iya ɗumama maganaɗisun da ake riƙewa a sanyin kelbin 1.9 (wajen digiri 271 ƙasa da sifili) aiki ya tsaya cak.

Dalibin_Fiziks: Na gode yallaɓai. To idan ya cika fa, haka suke tafiya a makance?

Malama_Kimiyya: A'a ƙanina, haske suke kallo. Furoton idan maganaɗisu ya lanƙwasa hanyarsa yana fitar da haske, hasken sinkurotoron, sai madubi ya karkato shi zuwa kyamara, ba a taɓa bim ɗin ba sam, ko a TeV 6.8 (ma'aunin ƙarfin furoton ne) da suka fara aiki da shi a 2022. Amma hoton yana ɗan dishi-dishi, shi ya sa ake fara saita kyamarar da awon waya lokacin da bim ɗin ba shi da yawa.

Abin da na fi so ka riƙe, duk waɗannan ba a wajen karon suke ba, suna can inda bim ɗin ya fi faɗi, lissafi ake yi a gano na wajen karo tunda an san yadda maganaɗisu ke matse shi. Wanda ake yi a wajen karon kansa dabarar Simon van der Meer ce ta 1968, a riƙa gusar da bim biyun a hankali suna gittawa ta cikin juna ana ƙirga karo a kowane mataki. Wlh dabarar nan tana burge ni, bim ɗin ne ke auna ɗan'uwansa.

Injiniya_Mai_Waya: Haka ne malama. Awon bim ɗin ilektiron ma ya fi wuya, a cibiyar bincike ta KEK a Japan sun matse bim zuwa nanomita 41 a 2016 (nanomita dubu ne maikiron ɗaya), can waya ba ta da amfani, hasken leza ake rabawa biyu a sake haɗa su su yi layi-layi na haske da duhu bim ɗin ya ratsa ta ciki.