Abin da aka tattauna kan makin 'yan ƙwallon tebur

Ga abin da 'yan uwa na Garwa da Marwa suka faɗa kan gyaran maki bayan wasa:

1. Kusan kowa ya yarda da tsarin Elo, wato hanyar ba kowane ɗan wasa makin da ke nuna ƙarfinsa, wanda aka aro daga wasan ches.

2. In ma'aunin K (lambar da ke ƙayyade yawan makin da za a ƙara ko a rage bayan wasa) 32 ne kuma makin 'yan wasan biyu ɗaya ne, mai nasara zai samu 16, wanda aka doke ya rasa 16. In tazarar makinsu ta kai 400, babba a maki ya ci ƙarami, maki 3 kacal zai samu. Ƙarami ya kayar da babba kuwa, 29.

3. An rabu kan ko gyaran maki ɗaya za a yi wa wasan da ya tashi 3-0 da wanda ya tashi 3-2. Wasu sun ce nasara nasara ce. Wasu sun ce wanda ya sha kaye 11-9 a zagaye na biyar bai cancanci ragi irin na wanda aka share ba. Ni ina tare da na biyun.

4. Sabbin shiga a ɗaga musu K a wasanninsu na farko.