Tambaya kan noman fich a ƙasar Sin

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum. Ina sayar da kayan marmari a kasuwar Ketu, kuma wani Basine da ke sayen abarba a wurina ya shaida mini cewa fich, wato ɗan itacen nan mai laushin gashi a fata da ƙwallo ɗaya a ciki, asalinsa daga ƙasarsu ne, alhali ni a manyan kantunan Ikeja da Lekki nake ganinsa da tsada, har na ɗauka kayan Turawa ne. Ina roƙon masu sani su bayyana mana gaskiyar wannan magana, da kuma yawan abin da Sinawa ke nomawa.

Malamin Gona, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam. Malam, mutumin nan gaskiya ya faɗa maka. Masu binciken kayan tarihi sun tono ƙwallayen fich a lardin Zhejiang, a yankin ƙasan kogin Yangtze, waɗanda suka kai kimanin shekara 8,000, kuma da aka jera su bisa zamaninsu sai aka ga suna ƙara girma sannu a hankali, abin da ke nuna cewa manoma ne suka riƙa zaɓen iri mai kyau suna shukawa, kaka da kakanni. Tsohon kundin waƙoƙinsu na Shijing, wanda ya haura shekara 2,500, ya ambaci bishiyar da furenta a cikin waƙar aure.

Daga Sin ne fatake suka kai shi Farisa, daga nan ya isa Girka da Rum, sannan Sifaniyawa suka ƙetara da shi Amurka a ƙarni na 16. A yau Sin ita kaɗai tana noma fiye da rabin fich na duniya, sama da tan miliyan 15 a shekara, yayin da Sifaniya da Italiya da Turkiyya ke biye da ita daga nesa ƙwarai. Lardin Shandong ne kan gaba, kuma gundumar Pinggu ta birnin Beijing ta yi suna da shi.

Hajiya Mai Kaya:
Ina son in ƙara abin da na gani da idona lokacin da na je sarin kaya, aka kai mu wata gona a Yangshan kusa da birnin Wuxi. Kowane ɗa da ke jikin bishiya an sa masa jakar takarda da hannu tun yana ƙarami, domin kare shi daga ƙwari da tsuntsaye, kuma bishiyoyin masu aure ne kamar yadda muke yi wa mangwaro. Irin nasu yana da ruwa da laushi har ba ya jure doguwar tafiya, kuma yawancin abin da suke nomawa su ne ke cinyewa a gida. Suna kuma ɗaukarsa alamar tsawon rai, shi ya sa a bikin ranar haihuwar dattijo ake yin burodi mai siffarsa.

Ɗan Agege:
Na gode, Malam da Hajiya, Allah ya ƙara sani. Shin idan na shuka ƙwallon a nan Legas zai yi?

Malamin Gona, Idi-Araba:
Ba na ba ka shawarar haka. Bishiyar tana buƙatar ta zubar da ganye ta huta cikin sanyi, yawancin ire-irenta na sa'o'i ɗaruruwa a ƙasa da digiri 7, kafin ta yi fure sosai, kuma Legas ba ta samun wannan sanyi ko a tsakiyar hunturu. Ga kuma damshin iskar nan, wanda ke jawo mata cututtukan ruɓewa. Ko da ta tsiro, ganye za ka samu ba 'ya'ya ba.