Yara sun dage sai mun yi bikin sabuwar shekarar China a gida, ya zan yi?

Maman Khairat, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Baban yara yana zuwa Guangzhou saro kaya, wannan karon ya zo musu da wasu jajayen ambulan da fitilun takarda, ya ba su labarin yadda ake rufe kasuwanni kowa ya tafi garinsu, shikenan tun ranar ba su bar ni na sha ruwa ba wai mu ma sai mun yi. Ni kuma bana son shigo da abin da ban san tushensa ba cikin gida, kuma bana son kashe musu gwiwa. Wanda ya san kan abin dan Allah ya fahimtar da ni.

Abu Sadiq, Gusau:
Wa alaikumus salam Hajiya. A can na yi karatu. Lissafin wata suke bi amma suna daidaita shi da na rana, shi ya sa kullum bikin tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu yake faɗowa, na 2026 ranar 17 ga Fabrairu ne, shekarar doki. Kwana 15 ake yi, sannan a kammala da bikin fitilu. Ainihin abin zumunci ne, a share gida tas kafin ranar, dangi su haɗu su ci abincin dare tare, manya su sa kuɗi a jan ambulan su ba yara, hongbao suke ce masa, kamar dai goron sallah. Amma fa akwai ƙona turare da ajiye wa kakanni da suka mutu abinci, da camfe-camfe wai ba a shara ranar farko kar a share arziki, wai lamba 4 mugun abu ce 8 kuma sa'a. Wannan ɓangaren ki bar musu kayansu.

Malam Na Jega:
Hajiya ni shawarata kar ma ki kira shi biki a gaban yara, idinmu biyu ne kuma sun sani. Ki ce yau za mu koyi yadda mutanen Sin ke rayuwa, kuma ba dole sai ranar tasu ba, kowace Asabar ta yi. Batun dabbobi 12 ɗin nan da suke sa wa shekaru sunayensu bi da bi ma a kula, su san sunayen ba laifi, amma kar yaro ya fara cewa halinsa kaza ne don an haife shi shekarar damisa.

Aunty Luba, Argungu:
Ni abincin kawai ya ja ni wallahi. Jiaozi ba wuya, ki kwaɓa fulawa da ruwa da ɗan gishiri ta yi tauri, a murza falan-falan a yanka zagaye, ki zuba niƙaƙƙen naman rago da albasa da citta da kabeji a tsakiya a matse baki, sai a jefa a tafasasshen ruwa, in sun taso sama ki ƙara musu 'yan mintuna kafin ki kwashe. Yara su za su yi naɗin, zai fito a karkace amma haka za su cinye. Su yawanci naman alade suke sawa, Musulminsu 'yan ƙabilar Hui kuwa rago ko sa. Ki ce Alhaji ya ɗauko musu hoton masallacin Huaisheng da ke nan Guangzhou in ya koma, yana cikin mafi daɗewa a ƙasar, yarana har musu suka yi da ni wai babu Musulmi a China.

Maman Khairat:
Na gode Allah ya saka da alheri. Asabar za mu gwada in sha Allah. Aunty Luba in ban samu kabeji ba alayyahu zai yi?