Tarbiyya ce, ko nunar lamiri?

Ina shirya darasi ga ɗalibaina masu koyon aikin malanta, sai na maƙale a kan abin da Turawa ke kira moral development, wato yadda tunanin mutum ke girma wajen bambance daidai da ba daidai ba. A takardun da na tarar an rubuta "matakan tarbiyya", kuma raina bai kwanta da shi ba.

Tarbiyya iyaye da malamai ne ke yi wa yaro. Lawrence Kohlberg kuwa, ɗan Amurkan da ya tsara matakan nan shida a binciken digirinsa na uku a Jami'ar Chicago a 1958, hujjar da ke cikin kan yaron yake aunawa. Yara maza 72 ya yi wa tambayoyi. Yakan ba su labarin Heinz, wanda matarsa ke bakin mutuwa, mai magani ya sa kuɗi dala 2,000, shi kuma 1,000 kawai ya iya haɗawa. Ya saci maganin ko kada ya sata? Amsar ba ta dami Kohlberg ba, dalilin yake jira. Saboda haka "ɗabi'a" ma ba ta shiga, don ita a aikace ake ganinta.

Ni dai na tsaya a kan "nunar lamiri". Nuna irin ta mangwaro, wadda ke zuwa sannu a hankali, idan aka gaggauta ta a ce nunar rana. Na san malaman nahawu sun riga sun riƙe kalmar lamiri da wata ma'ana daban, amma Bahaushe ya saba cewa "lamirina bai ba ni ba".

Matakan shida rukuni uku ne. Na farko na kira shi na tsoro da kwaɗayi: kada a doke ni, me zan samu. Na biyu na idon jama'a da doka. Na uku na ƙa'idar zuci.

A na biyun ne nake da damuwa. Wani abokin aikina ya ce mu kira shi "matakin kunya", na ƙi. In muka yi haka mun koya wa ɗalibi cewa kunya da kara tsani ne da ake takawa a wuce. Carol Gilligan, masaniyar halayyar ɗan Adam 'yar Amurka, ta yi irin wannan ƙorafi a 1982, cewa ma'aunin ya fifita adalci a kan kula da mutane, kuma da maza aka gina shi.

Malaman Hausa, ku duba mini kalmar kafin Litinin, ranar zan shiga aji da ita.